Ƙasar da Manomi Ke Nomawa Kayan Dako Ce

Duk wanda ya taɓa fita a garin Lafiya bayan an ɗauke ruwan sama mai ƙarfi, ya bi gefen wani lambatu har ya gangara rafin Amba, ya wuce ta kan wani karatu da ruwa ya rubuta a ƙasa, ko da bai tsaya ya karanta shi ba. A can sama inda ruwan ke da gudu, tsakuwa ce zube. Gaba kaɗan inda ya soma sassautawa, sai yashi mai kaushi. In aka ƙara gaba sai rairayi mai laushi. Daga ƙarshe kuwa, inda ruwan ya kwanta, sai laka mai santsi wadda ke tsattsagewa in rana ta buge ta. Ba wanda ya sa rariya ya tankaɗe su. Ruwan ne da kansa ya sauke kowane iri a daidai inda ƙarfinsa ya gaza ɗaukarsa.

Abin da ke faruwa a lambatu cikin awa guda, shi ne ke faruwa a faɗin duniya cikin dubban shekaru. Da yawa daga ƙasar da ake nomawa, da wadda ake kafa gari a kanta, kayan dako ce da aka ɗauko daga wani wuri aka sauke a nan. Manyan 'yan dakon kuwa uku ne: ruwa, da iska, da ƙanƙara. Biyun farko Bahaushe ya san su sarai, har ya raɗa wa aikinsu suna. Inda ruwa ya shimfiɗa laka ya ce fadama, inda iska ta tara yashi ya ce jigawa. Na ukun ne baƙo a ƙasar nan, shi ne kuwa filin nan zai duba a wannan mako, gama wanda ya gane aikinsa zai ƙara gane ƙasar da ke ƙarƙashin ƙafarsa.

Mene Ne Kogin Ƙanƙara?

Ƙanƙarar da aka sani a nan ita ce wadda takan zubo tare da ruwan sama a Jos da kewayenta, ta kakkarya dawa, ta narke kafin a jima. Ta ƙasashen sanyi dabam take. Dusar ƙanƙara ce mai laushi kamar auduga, wadda ke sauka da hunturu. A kan manyan duwatsu da ƙuryar arewa da ƙuryar kudu ta duniya, zafin bazara ba ya isa ya narkar da dukan wadda ta sauka. Ta bana sai ta hau kan ta bara, ta baɗi ta hau kan ta bana. Nauyin ta sama yana danne ta ƙasa, yana matse iskar da ke cikinta, har ta daskare ta zama kamar gilashi. Idan kaurinta ya kai kamar mita 50, sai ta fara malala a hankali zuwa gangare, kamar yadda curin kwalta ke malala in an bar shi a rana. Wannan shi ne kogin ƙanƙara.

Tafiyarsa ta hawainiya ce. Da yawa ba su cin mita guda a yini, ko da yake akwai wani a tsibirin Girinlan mai suna Jakobshavn wanda aka auna yana cin fiye da mita 40 a yini cikin 2012. A yau ƙanƙara ta rufe wajen kashi 10 cikin 100 na tudun duniya, yawancinta a Antatika da Girinlan, kuma a wasu wurare na Antatika kaurinta ya wuce kilomita 4. Amma shekaru wajen 20,000 da suka wuce abin ya ninka haka kusan sau uku. Ƙanƙara ta binne Kanada da arewacin Amurka da arewacin Turai, ta riƙe ruwa mai yawa a kan tudu har teku ta ja baya, ta yi ƙasa da kamar mita 120. Wannan zamanin sanyi ya ƙare shekaru wajen 11,700 da suka wuce.

Yadda Yake Sauke Kaya

Kogin ƙanƙara yana ɗaukar kaya ta hanya uku. Duwatsun da ke gangarowa daga tsaunukan gefe suna faɗawa a gadon bayansa. Ruwan da ya shiga tsagar dutsen da ke ƙarƙashinsa yana daskarewa ya manne, in ya motsa sai ya ɓamɓaro ɓarin dutsen ya tafi da shi. Sa'an nan duwatsun da suka maƙale a cikinsa suna gurzar ƙasan da yake bi, kamar ɗan dutsen niƙa a kan uwarsa, suna barin zane-zane dogaye a kan fa, suna mai da dutse gari.

A nan ne bambancinsa da ruwa yake. Ruwa mai zaɓe ne, in ƙarfinsa ya ragu sai ya fara yar da mai nauyi. Ƙanƙara kuwa ba ruwanta da nauyi. Dutse mai girman ɗaki da ƙwayar rairayi duk ɗaya ne a wurinta, tare take tafe da su, kuma inda ta narke nan take zubar da su gaba ɗaya a cakuɗe. Saboda haka in masanin ƙasa ya ga gaɓa mai hawa-hawa, tsakuwa dabam, yashi dabam, ya san aikin ruwa ne. In ya ga laka da tsakuwa da manyan duwatsu masu zane a jiki duk a hautsine, babu tsari, ya san ƙanƙara ta bi ta nan.

Bakin kogin yana tsayawa ne a inda narkewa ta yi daidai da abin da ke turowa daga baya. Ko da bakin ya yi shekara ɗari a wuri guda, cikin kogin yana ta tafiya, yana kawo kaya yana jibgewa, kamar jerin leburori masu jidar ƙasa suna zubawa a waje ɗaya. Da haka ake samun dogon tudu mai lanƙwasa kamar lauje a gaban bakin, wanda masana ke kira moren, watau dai jujin ƙanƙara. Akwai jujin baki, akwai na gefe da ke bin gindin tsaunuka dama da hagu, akwai kuma wanda ke shimfiɗe a faɗin fili bayan ƙanƙarar ta janye. Tsibirin Long Island, wanda wani sashe na birnin Niyok ke kansa, ƙashin bayansa irin wannan juji ne guda biyu. A ƙasar Ailan kuwa akwai dubban ƙananan tuddai masu siffar ƙwai, jere kamar tulin doya a gona, duk sun fuskanci gefe guda. Ƙanƙara ce ta mulmula su a ƙarƙashinta, kuma siririn gefensu yana nuna inda ta nufa.

Wani abin da take bari shi ne baƙon dutse, watau ƙaton dutse zaune shi kaɗai a fili, irinsa ba ya kama da na wurin. Kusa da garin Okotoks a Kanada akwai wani mai nauyin tan wajen 16,500, wanda ƙanƙara ta goyo daga tsaunukan Jasper, tafiyar fiye da kilomita 300. Wannan ya fi nisan Lafiya zuwa Abuja.

Ruwan da ke narkewa daga jikin ƙanƙarar shi ma yana nasa aikin, shi kuwa irin na ruwa yake yi, mai tsari. A gaban juji yana shimfiɗa filayen yashi da tsakuwa. A ƙarƙashin ƙanƙarar yana haƙa rami kamar na gafiya yana gudu a ciki, yana cika shi da tsakuwa, in ƙanƙarar ta tafi sai a ga siririn tudu yana murɗe-murɗe kamar maciji. A Finlan akwai wani mai suna Punkaharju da ya ratsa tsakiyar tabki, har an shimfiɗa hanya a gadon bayansa. Wani lokaci kuma wani gungumen ƙanƙara kan ɓalle, yashi ya binne shi, in ya narke daga baya sai ƙasa ta rufta ta zama tabki kamar ƙwarya. Garin dutsen nan da aka niƙa kuwa, in ya bushe a fili, iska ce ke kwashe shi ta je ta shimfiɗa a nesa.

Ɗan Ƙauye Yana Cikin Waɗanda Suka Fara Ganewa

Har farkon ƙarni na 19 yawancin masanan Turai suna ɗauka wata babbar ambaliya ce ta watsa waɗannan baƙin duwatsu. Ɗaya daga cikin waɗanda suka fara warware zancen wani manomi ne kuma maharbi a kwarin Bagnes na ƙasar Suwizalan, mai suna Jean-Pierre Perraudin. Ya saba ganin zanen da ƙanƙara ke yi wa dutse a can saman tsauni, sai ya lura akwai irin zanen a ƙasan kwari inda babu ƙanƙara ko kaɗan. Ya yanke cewa a da can ta cika kwarin duka. Cikin 1815 ya gaya wa wani masani, Jean de Charpentier, wanda bai gaskata shi ba sai bayan shekaru. Daga bisani Louis Agassiz ya ɗauki zancen, ya yi shelarsa a gaban taron masana a garin Neuchâtel cikin 1837, ya buga littafi a kansa cikin 1840. Ashe gani ya kori ji, kuma wanda ke takawa kullum a kan ƙasa yakan riga na cikin ofis saninta.

Amfaninsa da Haɗarinsa

Kayan da ƙanƙara ta sauke su ne arzikin ƙasashe da dama a yau. Gonakin masara na jihar Iowa a Amurka suna kan wannan shimfiɗa ne da kan ƙurar da iska ta kwaso daga gare ta. Baƙar ƙasar Yukiren mai ba da alkama ita ma a kan irin wannan ƙura ta samu. Birnin Lahti na Finlan yana shan ruwa daga cikin tudun tsakuwar da ƙanƙara ta bari, gama tsakuwa da yashi suna riƙe ruwa, suna kuma tace shi.

Haɗarin kuwa shi ne juji ba gini ba ne, tarin ƙasa ne maras ƙwari. In ƙanƙara ta ja baya, ruwa yakan taru a bayan jujin bakinta kamar madatsa. Ranar 13 ga Disamba 1941 irin wannan madatsa ta tabkin Palcacocha ta ɓalle a ƙasar Peru, ruwa da laka suka afka wa garin Huaraz, mutum aƙalla 1,800 suka halaka. Cikin Oktoba 2023 haka ta faru a jihar Sikkim ta Indiya, ruwan ya rushe wata babbar madatsar lantarki. Da yake duniya na ƙara ɗumi, irin waɗannan tabkuna ƙaruwa suke yi.

Ƙanƙara a Afirka

Mai karatu zai iya cewa wannan duk labarin ƙasar Turawa ne. To, Afirka ma tana da rabonta. Akwai sauran ƙanƙara a kan Dutsen Kilimanjaro na Tanzaniya mai tsawon mita 5,895, da Dutsen Kenya, da tsaunukan Ruwenzori da ke iyakar Yuganda da Kwango. Ta Kilimanjaro ta ragu da fiye da kashi 80 cikin 100 tun daga 1912. Can ƙasa da inda take a yau, ana ganin tsofaffin jujinta, shaidar inda ta taɓa kaiwa.

Abin da ya fi wannan ban mamaki yana cikin Sahara. Shekaru wajen miliyan 445 da suka wuce, nahiyoyi ba a inda suke yau suke ba. Yankin arewa da yammacin Afirka yana kusa da ƙuryar kudu ta duniya, kuma ƙanƙara ta rufe shi kamar yadda ta rufe Antatika yanzu. Masu neman man fetur ne suka bi sawun wannan a kudancin Aljeriya cikin shekarun 1960. Sun tarar da fa mai dogayen zane, da cakuɗaɗɗen jujin da ya daskare ya koma dutse. Akwai irinsu a tudun Jado da ke arewa maso gabashin Jamhuriyar Nijar, arewa da Bilma inda ayarin raƙuma ke zuwa ɗaukar gishiri. Yashin da ƙanƙarar wancan zamani ta sauke, shi ne a yau ke riƙe da wani kaso na man fetur a kudu maso yammacin Libiya.

Zamanin sanyi na baya-bayan nan kuwa bai kawo ƙanƙara ƙasar Hausa ba, amma ya aiko da saƙonsa. Sa'ad da Turai ke binne, nan fari ne ya yi tsanani. Hamada ta turo kudu da ɗaruruwan kilomita, Tabkin Cadi ya ƙafe, iskar arewa maso gabas ta jera dogayen tuddan yashi a ƙasar Haɗejiya da Nguru da gabashin Kano. Da ruwa ya dawo sai ciyawa ta kama su suka tsaya cik. Wani masani Bature, A. T. Grove, ya yi bayaninsu cikin 1958. Su ne jigayin da ake noma gero da gyaɗa a kai, daga gare su Jihar Jigawa ta sami sunanta, su ne kuma ke rarraba Kogin Haɗejiya gida-gida su mai da shi dausayi.

Wa Ya Kawo Ƙasar Lafiya?

In aka gwada ƙasar Lafiya da ma'aunin nan na masana, amsa a fili take. Duk inda aka yanka gaɓa a gefen hanya ko aka haƙa rijiya, hawa-hawa ake gani, yashi dabam, laka dabam. Aikin ruwa ne tun daga tushe.

Shekaru fiye da miliyan 100 da suka wuce, lokacin da Amurka ta Kudu ke rabuwa da Afirka, ƙasa ta tsage ta lotsa daga bakin teku zuwa wajen Gwambe da Yola. Wannan lotsi shi ne kwarin Binuwai. Teku ta shigo cikinsa ta koma fiye da sau ɗaya, koguna kuma suna gangarowa daga tuddan gefe suna cika shi, har kayan suka yi kaurin kilomitoci. Kowane zamani ya bar nasa hawan. Ruwan gishirin da matan Keana da Awe suka gada suna dafawa tun kaka da kakanni daga cikin waɗannan hawa yake ɓuɓɓugowa. Kwal ɗin da ke ƙarƙashin ƙasar Obi ragowar itatuwan wani dausayi ne da laka ta binne. Hawa na can sama kuwa jan dutsen yashi ne da koguna suka shimfiɗa shekaru wajen miliyan 70 da suka wuce, kuma masana sun sa masa sunan garin Lafiya. Shi ne ke ruɓewa ya ba da jar ƙasar nan mai yashi-yashi da doya da rogo da riɗi ke so. Shi ne kuma ke riƙe ruwan rijiyoyin gari. Wanda ya bi hanyar Akwanga, da ya iso wajen Nasarawa Eggon zai ga ƙasa ta sake, manyan duwatsu sun miƙe. Ya fita daga kwarin ke nan, ya hau tsohon dutsen asali, irin wanda ake ɗebo kayan daga jikinsa.

Dakon bai tsaya ba har yau. Kogin Mada da Kogin Dep suna gangarowa daga wajen tudun Filato da kayansu, Binuwai kuma yana cika da damina ya fantsama, in ya janye ya bar sabuwar laka a fadamun Tunga da Rukubi da Loko. Wannan laka ita ce takin shinkafar yankin.

Ɗan Dako Ba Ya Da Amana

Sai dai wanda ya kawo shi ne mai ɗauka. Ƙasar da aka sauke ba a ɗaure take ba, saiwar itace da ciyawa ce kaɗai ke riƙe da ita. Tun da Lafiya ta zama babban birnin jiha ranar 1 ga Oktoba 1996 take ta faɗaɗa. An sare itatuwa don gawayi da filin gini, rufin kwano da kwalta sun hana ruwa nutsewa, sai ya taru ya yi ƙarfi ya bi hanyoyin unguwa. Jan yashin Lafiya kuwa ba ya da riƙo. Abin da ya fara kamar sawun keke, damina biyu ko uku sai ya zama kwazazzabo mai cin katanga. Yashin da aka kwashe daga tudu kuma ba ɓacewa yake yi ba. Yana sauka a cikin rafi ya cike shi, ya binne fadama, ruwa ya rasa hanya ya shiga gidaje. Asara biyu ke nan: mai tudu ya rasa ƙasarsa, mai fadama ya sami wadda bai nema ba.

Babban kogin ma ya nuna hali. An gama madatsar Lagdo a Kamaru cikin 1982, kuma kowace madatsa tana tare lakar da ya kamata ta wuce gaba. A shekarun ruwa mai yawa kuwa tilas a saki ruwan. Ambaliyar 2012 ta halaka mutum 363 a Nijeriya, ta raba fiye da miliyan 2 da gidajensu. Ta 2022 ta halaka fiye da 600, ta kuma shanye babbar gonar shinkafa ta Rukubi da ke ƙaramar hukumar Doma. Fadama dai shimfiɗar kogi ce, shi ya yi ta, kuma duk daren daɗewa zai dawo ya kwanta a kanta.

Magani kuwa ba ɓoyayye ba ne. Manomin da gonarsa ke kan gangare ya ja kunyarsa a gicciye, kada ta bi gangaren. A bar ciyawa da itatuwa a bakin rafi. A daina ƙona karan gona a bar ƙasa tsirara ta tarbi ruwan farko. A toshe ƙaramin kwari da duwatsu da buhunan ƙasa tun yana ƙarami, gama icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Hukuma kuma ta tsara inda tifa za ta ɗebi yashi, ta hana yanka filin gini a kan hanyar ruwa, ta kai kowane lambatu har rafi maimakon a sake shi a tsakiyar unguwa.

Mutanen Iowa da Yukiren suna cin gajiyar kayan da ƙanƙara ta sauke musu, sun kuwa san ba za ta dawo ta ƙara musu ba a zamaninsu. Mutumin Lafiya ma haka. Ƙasar saman gona mai kaurin ɗan yatsa tana cin ɗaruruwan shekaru kafin ta samu, ruwan dare ɗaya kuwa ya isa ya tafi da ita. Duk wanda ya ga rafin Amba ya yi ja bayan ruwan sama, ya sani gonar wani ce ke wucewa.